Offaly: yadda zakarun ƙwallon gorar Ailan suka gangara ajin 'yan dagaji, da iyakar abin da fushin magoya baya ke iya gyarawa

Ranar 22 ga Agusta 1998, a filin Croke Park da ke Dablin, alƙalin wasa Jimmy Cooney ya dubi agogonsa ya busa tashi. Wasan dab da na ƙarshe ne na gasar harlin ta ƙasar Ailan, gundumar Clare na gaba da maki uku, gundumar Offaly na ta kai kora. Ashe agogon ya yaudare shi, da sauran kusan minti biyu a lokacin wasa. Kafin ya ankara jami'an tsaro sun yi masa rakiya sun fitar da shi. Magoya bayan Offaly ba su yi jifa ba, ba su fasa kujera ba. Gangarowa suka yi daga kan benci, maza da mata da yara, suka baje a kan ciyawar filin suka yi zaman dirshan, har wasan da aka shirya yi bayan wannan bai yiwu ba. Hukuma ta ga ba sarki sai Allah, ta ce a sake wasan. Bayan mako guda aka haɗu a garin Thurles, Offaly ta doke Clare, ta wuce wasan ƙarshe ta doke Kilkenny, ta ɗaga kofin ƙasa karo na huɗu.

Na faro da wannan ne saboda a ganina ya bar wa mutanen Offaly wani darasi mai daɗi amma mai ruɗi, wato idan aka fusata aka tsaya kai da fata, mako guda ya isa a ga gyara. Shekara 21 bayan haka gundumar ta wayi gari a aji na uku na wasan, magoya baya suka sake fusata, sai dai wannan karon babu filin da za a zauna a kai a ce a sake wasa.

Wasan da ake magana a kai shi ne harlin, ƙwallon gorar mutanen Ailan. Kowane ɓangare mutum 15, kowa riƙe da gora mai faffaɗan baki da aka sassaƙa daga itace, ana bugun wata 'yar ƙwallon fata mai tauri da ba ta fi lemon zaƙi ƙarami ba. Ana ɗaukar ta da gora daga ƙasa, a cafe ta da hannu a sama, a ɗora ta a bakin gora a ruga da ita. Idan ta haye saman sandar gola tsakanin dogayen turaku biyu, maki ɗaya ke nan. Idan ta shiga raga, maki uku. Shi ya sa ake rubuta sakamako kashi biyu: 2-16 na nufin ci biyu a raga da maki 16, jimilla 22. Manya suna yin minti 70. Hukumar UNESCO ta sa wasan cikin kayan gadon al'adun duniya a 2018.

Amma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe ba dokokin fili ba ne, tsarin mallakar wasan ne. Ƙungiyar GAA, wadda aka kafa a Thurles a 1884, ita ke riƙe da harlin da ƙwallon ƙafar gargajiyar Ailan, kuma ba ta biyan ɗan wasa albashi. Wanda ka gani ranar Lahadi gaban mutum fiye da dubu 80 a Croke Park, ranar Litinin malamin firamare ne ko manomi ko ma'aikacin banki. Sannan ba a sayen ɗan wasa. Yaro kulob ɗin ƙauyensu yake yi wa wasa, idan ya yi fice gundumarsa ta ɗauke shi. Akwai 'yan ƙaura jefi-jefi idan aiki ya mai da mutum wani gari, amma babu kasuwar musayar 'yan wasa irin ta Firimiyar Ingila, inda attajiri zai zo da buhun kuɗi ya sauya rabin ƙungiya a kaka guda. Abin da uwayen gunduma suka haifa, kuma malamai da kulob suka rena, da shi za a shiga fili. In ba a shuka ba shekara 10 da suka wuce, yau babu girbi, ko wa aka naɗa koci.

Offaly ƙaramar gunduma ce a tsakiyar ƙasar, mutanenta dubu 83 da 'yan kai a ƙidayar 2022. Wannan ɗan adadin ma rabe yake. Arewa, wajen Edenderry da Rhode, ƙwallon ƙafa suka sani. Harlin na kudu ne: Birr, Banagher, Kinnitty, Coolderry, Kilcormac. Ke nan rijiyar da ake ɗibar 'yan wasa daga cikinta ba ta wuce wasu 'yan garuruwa da ƙauyuka ba. Duk da haka, daga 1980, lokacin da suka fara cin kofin lardin Leinster, zuwa 2000, babu wanda ke son haɗuwa da su. Sun ci kofin ƙasa a 1981 da 1985 da 1994 da 1998. Na 1994 har yau ana ba da labarinsa: saura minti biyar Limerick na gaba da maki biyar, Johnny Dooley ya samu bugun tazara, maimakon ya ɗauki maki ɗaya ya lafta ta a raga, kafin 'yan Limerick su farfaɗo Pat O'Connor ya ƙara ta biyu, aka tashi 3-16 da 2-13. Kulob ɗin Birr shi kaɗai ya ci kofin kulob-kulob na ƙasa sau huɗu tsakanin 1995 da 2003.

Daga ina waɗannan gwanaye suka fito? Amsar tana cikin kofunan yara. Offaly ta ci kofin matasa na ƙasa a 1986 da 1987 da 1989, makarantar St Brendan's ta Birr kuma ta ci kofin makarantu a 1986. Yaran nan su ne suka zama Brian Whelahan da 'yan gidan Dooley da 'yan gidan Pilkington. Zubi ɗaya ne mai albarka, aka yi shekara 10 ana cin moriyarsa. Ana cikin shagali ba wanda ya waiwaya ya ga cewa bayansu layin ya yi sirara. Kofin matasa na lardi da suka ci a 2000 shi ne na ƙarshe har 2022. Shekara 22 cur. Duk wanda ke neman ranar da Offaly ta fara faɗuwa, a nan zai nema, ba a 2019 ba.

Alamar farko da kowa ya gani ta zo a 2005, lokacin da Kilkenny ta yi musu cin kaca 6-28 da 0-15, ratar maki 31. Aka ce ai Kilkenny ce, ta koci Brian Cody, wadda ke lallasa kowa. A 2014 aka sake, 5-32 da 1-18, kuma Brian Whelahan da kansa ne koci, mutumin da aka sa cikin gwanayen ƙarni tun yana wasa. Shan kashi a hannun Kilkenny ana iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya wa mutane a maƙoshi shi ne maƙwabtan da suka saba rainawa: Laois ta doke su a 2015, karon farko cikin shekara fiye da 40 a gasar, Westmeath ta bi da nata a 2016 da ratar maki 14. A shekarar ce tsohon kocin Clare, Ger Loughnane, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya yi musu ba'a cewa su kaɗai suka rage masu shiga fili da teɓa. Maganar ta yi zafi saboda mutanen gida ma suna faɗin irinta a ɓoye.

Fushin ya fara sauka inda ya saba sauka, a kan koci. Tsakanin 2012 da 2019 mutum shida suka riƙe ƙungiyar: Ollie Baker, Brian Whelahan, Eamonn Kelly, Kevin Ryan, Kevin Martin, sai Joachim Kelly na riƙon ƙwarya. An gwada baƙo, an gwada ɗan gida, an gwada gwarzon jiya. Sakamako bai canja ba, sai ma ƙara lalacewa. Ni dai ban ga yadda mutum shida masu hali daban-daban za su yi kuskure iri ɗaya ba. Sauya koci yana kwantar da zuciyar mai kallo na wata biyu, shi ke nan amfaninsa, kuma yana da wata illa da ba a cika faɗa ba: duk sabon koci sai ya roƙi 'yan wasa su zo, wasu kuma sukan ce a kai kasuwa. Mutumin da ba a biyansa, zai bar aiki da iyali dare huɗu ko biyar a mako don atisaye, sannan ya sha kashi da maki 20, ya dawo gari a zage shi a kanti. Idan ya zaɓi ya tsaya wa kulob ɗin ƙauyensu, ko ya tafi Ostareliya neman kuɗi, wa zai ga laifinsa? Haka ƙungiyar da dama ba ta da yawa ta riƙa rasa wasu daga cikin na kirkinta.

Koke na biyu a kan hedikwatar GAA ne, kuma wannan yana da ƙamshin gaskiya. A 2018 aka sauya fasalin gasar, aka mai da lardin Leinster rukunin ƙungiya biyar, kowa ya kara da kowa, na ƙarshe ya sauka zuwa sabuwar gasar aji na biyu mai suna kofin Joe McDonagh. A lardin Munster kuwa na ƙarshe ba ya sauka kai tsaye. Offaly ta yi wasanninta huɗu a mako huɗu a jere ba hutu, da Galway da Kilkenny da Wexford da Dablin, ta sha kashi a duka, ta sauka. Magoya baya suka ce an yi musu kisan mummuƙe, an kare manyan Munster an jefa su. Suka haɗa da tsohon ƙorafin cewa kuɗin horar da yara sun fi kwarara Dablin, wadda ta samu masu horarwa na cikakken lokaci a kulob-kulob har ta ci kofin Leinster a 2013, karon farko tun 1961. Duk wannan haka ne. Sai dai ba tsarin gasa ne ya hana su cin Laois ba.

Don kuwa a 2019 uzurin ya ƙare. A aji na biyun, inda aka zaci za su yi wasa da kowa kamar kyanwa da ɓera, Laois ta doke su, Westmeath ta doke su, aka sallami Kevin Martin gasar na tsaka, Antrim ta doke su, sannan a watan Yuni suka je Tralee suka sha kashi a hannun Kerry. Wanda bai san Ailan ba ba zai ji nauyin wannan ba. Kerry gidan ƙwallon ƙafa ce, harlin a can wasan wasu 'yan ƙauyuka ne a arewacin gundumar. Su ne suka tura zakarun 1998 zuwa kofin Christy Ring, aji na uku cikin biyar.

A nan ne yatsa ya koma inda ya dace tun farko, kan hukumar wasanni ta gundumar. Ƙorafin ba sabo ba ne. Bayan wulaƙancin 2014 an kafa kwamiti ƙarƙashin Diarmuid Healy, mutumin Kilkenny da ya horar da su suka ci kofin 1981, ya tsara hanyar reno tun daga yara. Aka kafa wani kwamitin don aiwatarwa, a 2017 mambobinsa suka ajiye aiki suna kukan cewa hukuma ba ta ba su haɗin kai. Rahoto na nan, masu aiki sun tafi. Mutanen kudu kuma suna da nasu ciwon: an zuba kuɗi an gyara filin O'Connor Park a Tullamore, manyan wasannin harlin suka koma can, aka bar filin Birr, garin da aka yi wasan ƙarshe na harlin na farko a tarihin ƙasar a 1888. A wurinsu an ɗauke wasan daga inda ake sonsa an kai shi inda ake ganinsa a matsayin baƙo. Adalci dai shi ne a faɗi cewa tsohuwar hukumar ce ta gina cibiyar atisaye ta Faithful Fields a Kilcormac, wadda aka buɗe a 2017, kuma ita ce daga baya ta zama gidan renon. Sun iya gini, abin da ake zarginsu da shi shi ne rashin sa mutane a cikin ginin.

Akwai kuma abin da ba hukuma ba koci da ke da iko a kansa. Tsakiyar Ailan ƙasar dausayi ce, ana haƙar wata baƙar ƙasa a busar a ƙona ta kamar gawayi. Kamfanin gwamnati na Bord na Móna da tashoshin lantarki masu amfani da ita sun daɗe suna ba samarin Offaly aiki a ƙofar gida, mutum ya tashi aiki da yamma ya ɗauki gorarsa ya tafi fili. Aikin ya yi ta raguwa, tashar Shannonbridge ta rufe a ƙarshen 2020, kamfanin ya daina haƙar a 2021. Saurayin da ke aiki a Dablin ko Landan ba ya koya wa yaran ƙauye riƙon gora ranar Asabar.

Kuma harlin wasa ne da ba ya yafe latti. Ƙwallon ƙafa yaro mai ƙarfi da gudu zai iya shiga yana ɗan shekara 14 ya kama. Harlin kuwa hannu ne da ido. Yaron Kilkenny tun yana ɗan shekara biyar yake tafiya makaranta da gora a hannu, ya dawo ya tsaya gaban bangon gida yana buga ƙwallo tana dawowa, dama da hagu, ɗaruruwan bugu kafin a kira shi cin abinci. Ɗaukar ƙwallo daga ƙasa cikin gudu ba tare da an dube ta ba, wannan ba a koyonsa a sansanin manya. Wanda ya rasa waɗannan shekarun, ko wane irin atisayen ƙarfi aka ba shi daga baya, zai riƙa makara da rabin daƙiƙa, rabin daƙiƙar nan kuma ita ce ratar maki 20.

Abin da ya bambanta Offaly da wasu wuraren shi ne inda fushin ya bi a ƙarshe. A Cork, 'yan wasa ne suka yi yajin aiki har sau uku tsakanin 2002 da 2009, dubban magoya baya suka yi maci a titi. A Offaly akwatin zaɓe aka nufa. Hukumar gunduma ba gwamnati ke naɗa ta ba, wakilan kulob-kulob ne ke zaɓenta a babban taron shekara. Michael Duignan, wanda ya ci kofin 1994 da 1998 a fili, sannan ya yi shekaru yana sharhi a talabijin na RTÉ yana caccakar yadda ake tafiyar da gundumarsa, ya ga cewa suka daga ɗakin sharhi ba ta haifar da ɗa mai ido. Ya haɗa tawaga, suka bi kulob-kulob suna neman ƙuri'a, a Disamba 2019 ya kayar da shugaba mai ci, Tommy Byrne. Mai ƙorafi ya zama mai riƙe da makulli, wanda kuwa ba ƙaramar kasada ba ce, don daga ranar duk abin da ya lalace shi za a tambaya.

Farkon bai yi daɗi ba. A 2020, ƙarƙashin koci Michael Fennelly na Kilkenny, gundumar Down ta fitar da su a wasan dab da na ƙarshe na aji na ukun da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Sai 2021 suka fita daga ramin, suka doke Derry 0-41 da 2-14. A shekarar ce kuma Shane Lowry, ɗan garin Clara wanda ya ci babbar gasar golf ta Birtaniya a 2019, ya yi alkawarin tallafa wa gundumar na shekara biyar, ya karkata tallafin wajen yara. Mahaifinsa Brendan yana cikin 'yan ƙwallon ƙafar Offaly da suka ci kofin ƙasa a 1982, don haka ba baƙo ba ne ya zo neman suna.

Sai yaran suka fito. A 2022 'yan ƙasa da shekara 17, ƙarƙashin Leo O'Connor mutumin Limerick, suka ci Leinster suka kai wasan ƙarshe na ƙasa. Filin Nowlan Park a Kilkenny ya cika maƙil, mutum wajen dubu 27 don wasan yara, mafi yawansu sanye da kore da fari da ruwan gwal. Offaly na gaba har lokacin ƙari, Tipperary ta jefa ƙwallo a raga a bugun ƙarshe, aka tashi 1-17 da 1-16. Yara suka zube a fili suna kuka, manya a kan benci ma haka. Amma mutanen da suka daina zuwa kallo sun dawo, kuma sun samu sunan da za su riƙa kira, Adam Screeney, ɗan siririn yaro daga Kilcormac mai hannu kamar na maƙeri. A 2023 suka kai wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara 20, Cork ta doke su. A 2024 suka koma Nowlan Park, suka sake haɗuwa da Tipperary, suka rama 2-20 da 2-14. Mako guda bayan haka manyan, ƙarƙashin Johnny Kelly, suka doke Laois suka ci kofin Joe McDonagh, suka koma aji na ɗaya bayan shekara shida.

Labarin yana da daɗin faɗa a haka: an kori tsofaffi, an kawo sababbi, kofi ya dawo. Lissafin shekaru bai yarda da shi gaba ɗaya ba. Yaron da ke da shekara 17 a 2022 yana da 14 lokacin da aka zaɓi Duignan. Hannunsa ya riga ya nuna a wajen iyaye da malaman firamare da masu horarwa na sa-kai a kulob irin Kilcormac-Killoughey, a daidai shekarun da ake cewa komai ya mutu. Abin da sabuwar hukumar ta yi shi ne ta tare su kafin su watse, ta samo kuɗi, ta kawo masu horarwa, ta sa sanya rigar gunduma ya daina zama abin kunya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma ba shi ne shukar ba. Limerick ma haka ta yi: ta kafa makarantar renon yara, ta jira shekaru, sannan ta ci kofin 2018 bayan shekara 45 tana jira, ta ƙara huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023. Bambancin shi ne Limerick ta fi Offaly mutane ninki biyu da ɗoriya, kuma tana da attajiri JP McManus a bayanta.

Abin da nake tsoro shi ne a maimaita kuskuren baya da sabuwar riga. Zubin 2022 zubi ɗaya ne, kamar na 1986 zuwa 1989. An riga an fara ɗora musu kaya, yaro ya yi wa 'yan ƙasa da 20 wasa, ya yi wa manya, ya yi wa jami'a, ya yi wa kulob, duk a kaka guda, jikin da bai gama ƙwari ba. Gundumar da ke da mutum dubu 83, rabinsu ma ƙwallon ƙafa suke so, ba ta da rarar da za ta yi asarar uku ko huɗu daga cikinsu ga rauni ko ƙaura.

Duignan ya sauka a ƙarshen 2024, domin dokar GAA ba ta barin shugaban gunduma ya wuce shekara biyar a kujera. A 2025 Offaly ta koma gasar Leinster, ta kara da Dablin da Galway da Kilkenny da Wexford, ba ta ci ko ɗaya ba. Wasan ƙarshe na rukunin ya zama na a mutu ko a yi rai da Antrim a Tullamore, wanda ya faɗi ya sauka. Offaly ta ci, Antrim ta sauka.